Alhazan Ƙafa: Talakawan da Suka Taka Daga Ƙasar Kano Zuwa Makka

 

Yau za mu yi zancen mutanen da suka aikata abin da ba kowa ke iya aikatawa ba. Da an ce abin al'ajabi, hankalin yawancinmu can nesa yake tafiya, wajen wanda ya sauka a kan wata, ko wanda ya hau dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya. Ni kuwa kusa zan tsaya da ku, a bakin titin da ya ratsa garin Darki ta ƙaramar hukumar Wudil. Wanda ya san Darki ranar kasuwarta ta Alhamis ya san yadda titin nan ke cushewa da motocin hatsi da na kauɗa da na dabbobi. Titin nan idan ka bi shi zai kai ka Birnin Kudu, ya kai ka Potiskum da Damaturu, ya sauke ka a Maiduguri. Hanyar Gabas ke nan. Kuma ta wannan fuska ce dubban talakawan ƙasar Hausa suka fita, maza da mata, wasu da goyo, suka nufi Makka da ƙafa.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Kano ya taɓa jin an nuna wani gida an ce, kakan mutanen gidan nan da ƙafa ya je Makka. Mukan ji, mu gyaɗa kai, mu wuce. Yau ina so mu tsaya mu auna maganar nan, mu ga nauyinta.

Mu fara da nisan. Daga Kano zuwa gaɓar Bahar Maliya ya haura kilomita 3,000. Mutum zai baro Kano, ya haye kogi a Wudil, ya ratsa ƙasar Barno har Dikwa, ya ƙetare zuwa Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena. Daga nan sai ƙasar Wadai, ya yada zango a Abeshe, ya shiga Darfur ta Jinena, ya bi ta Fashir, ya wuce Nahud, ya isa Ubayyid. Tun wajen 1912 jirgin ƙasa ya iso Ubayyid, saboda haka mai 'yan kuɗi a lalita yakan hau. Wanda ba shi da su sai ya ci gaba da takawa har bakin kogin Nilu, har tashar Sawakin a bakin teku. Bayan an haye zuwa Jidda ma da sauran aiki, don akwai tafiyar kusan kilomita 80 zuwa Makka, sannan fiye da 400 daga Makka zuwa Madina ga mai son ziyara. Yau jirgin sama yakan tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya sauka Jidda cikin awa huɗu zuwa biyar. Su kuwa shekara biyu, shekara biyar, wasu har goma ko fiye suke yi kafin su dawo.

To me zai sa manomi, wanda duk abin da ya mallaka bai wuce gona da jaki da rumbu ɗaya ba, ya ɗauki wannan hanya? Ai kowa ya san Hajji ba ya wajaba sai ga mai iko. Amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar nan, iko ba kuɗi da abin hawa kaɗai ba ne. Muhtasar na Shehu Halilu, da malamanmu ke biyawa tun kaka da kakanni, ya lissafa mutumin da ke da ƙarfin tafiya a ƙasa, kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, cikin masu iko, matuƙar akwai aminci ga rai da dukiya. Wanzami da ya ji wannan karatu sai ya dubi zabirarsa, ya dubi ƙafafunsa, ya ga lallai da shi ake. Ga kuma begen Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, wanda aka shayar da Bahaushe da shi tun yana goye. Idan bege ya haɗu da fatawa, zama ya ƙare.

Ku lura, wannan abu ne da manya da yawa ba su samu ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu, har Agadas, amma ya komo gida saboda bai sami izinin mahaifinsa na wucewa ba, kuma har Allah Ya karɓi ransa a 1817 bai je Makka ba. Ɗansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ma nauyin jama'a bai bar shi ya je ba. Amma ga maɗinkin hula, ga ɗan ga-ruwa, ga mai tallar ƙosai, Allah Ya kai su.

Yadda ake tafiyar ma abin nazari ne. Ba wanda ke tashi da ka. Mutum zai jira a yi girbi, ya sayar da abin da zai sayar, ya biya bashi, ya bar wasiyya, ya bi gida gida yana neman gafara, domin sallamar da ake yi irin ta wanda ba a sa ran sake gani ce. Sannan ya shiga ayari, ƙarƙashin madugun da ya san rijiyoyi da mashigai da halin sarakunan hanya. Da rani ake tafiya. Damina na faɗuwa sai a tsaya inda ta riske ka, ka ari gona ko ka yi ƙodago, ka girbe, ka sayar, ka ƙulla guzuri, ka ƙara gaba. Kowa da abin da yake ci da shi. Wanzami yana aski yana ƙaho, maƙeri yana gyara fartanya, baduku yana ɗinkin takalmi, malami yana koyar da yara, mata suna kitso suna tuwon sayarwa. A kusan kowane babban gari na hanyar akwai zangon Hausawa da mai unguwarsa, inda baƙo zai sauka a ba shi ruwa, a nema masa aiki, a faɗa masa labarin hanyar da ke gabansa. Wanda ya riga ka isa shi ne gatanka, kai ma gobe ka zama gatan na bayanka.

Da Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, suka buɗe gonakin auduga na Jazira tsakanin kogunan Nilu biyu, sai wurin ya zama babban zangon mahajjatanmu. Hannun Hausawa da Fulani da Barebari ya tsinci audugar Jazira ba kaɗan ba. A nan mutum zai yi shekara ɗaya ko biyu yana tara kuɗin jirgin ruwa.

Kada daɗin labari ya sa mu manta ɗacinsa. Hanyar nan ta ci mutane. Akwai ƙishirwa tsakanin rijiya da rijiya, akwai agana da kwalara, akwai 'yan fashi. Mace takan haihu a gindin bishiya, ta yi 'yan kwanaki ta saɓa goyo a ci gaba. Miji yakan binne matarsa a ƙasar da bai san sunanta ba, ya share hawaye ya bi ayari. Da Turawa suka kawo dokar fasfo da ajiye kuɗin jingina da zaman killace a Sawakin, waɗanda ba su da halin biya sai suka koma bin ta Masawa ta ƙasar Iritiriya, suna shiga ƙananan jiragen katako da dare, wasu teku ta haɗiye su, wasu a zubar da su a gaɓar da ba ruwa ba gari. Abin da ya fi wannan ciwo, an yi mutanen banza da suka riƙa yaudarar iyaye, su karɓi yara da sunan kai su aikin Hajji, su sayar da su bayi a Hijaz, don sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya. Wanda ya ratsa duk wannan, ya tsaya Arfa, ya juyo ya sake takowa har ƙofar gidansu, ya tarar da yaran da ya bari suna rarrafe sun zama samari, wallahi ya cancanci a kira shi Alhaji da cikakken baki.

Akwai kuma waɗanda ba su dawo ba, ba don sun mutu ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi Gabas, jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa. Aka yi yaƙin Burmi a watan Yuli na shekarar, ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, suka kafa garin da har gobe ake kira Mai Wurno. Bayansu ayari ya yi ta bin ayari. Wani ya tsaya neman guzuri, guzuri ya zama gona, gona ta zama gida, gida ya zama zuri'a. Wani masani mai suna Bawa Yamba, wanda ya zauna da Hausawan Jazira ya wallafa bincikensa a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa kunnen mahajjata, waɗanda a Sudan aka haife su aka haifi iyayensu, amma in ka tambaye su sai su ce su matafiya ne, suna kan hanyar Makka. Niyyar da kaka ya ƙulla a ƙasar Hausa ta zama gadon gida.

Zuri'ar nan ba ta zauna a banza ba. A'isha Falatiya, wadda ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, tsatsonta daga nan ƙasar yake, kuma da Larabci da Hausa ta yi waƙa. Masu kallon ƙwallo za su tuna cewa a gasar cin kofin duniya ta 2018, 'yan wasan baya uku na Saudiyya, Usama da Umar da Mu'utaz, duk sunan zuri'arsu Hausawi, kuma Usama ne kyaftin. Sawun alhazan ƙafa ke nan, ga shi ya fito inda ba wanda ya zata.

Sannu a hankali zamani ya juya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya je a 1937. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda sunanta a taƙaice, WAPA, ya bi wurin nan na Fagge da ake canjin kuɗi. Manyan motoci suka fara ɗibar maniyyata suna bi ta Wudil zuwa Maiduguri, su ratsa Chadi su shiga Sudan, tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Daga baya jirgin sama ya karɓe. Gwamnati ta shigo da hukumomin alhazai, har aka kafa hukumar ƙasa ta yanzu a 2006. Wannan duk ni'ima ce, kuma muna gode wa Allah. Sai dai kujerar Makka ta haura naira miliyan 8 a 2025, ta yadda talakan da kakansa ya je da zabira da sanda, shi yau sai dai ya raka wani filin jirgi.

A nan dole in yi magana a fili, don kada wani matashi ya ji sharhin nan ya ɗaura takalmi. Ba ina kiran kowa ya kama hanyar Gabas ba ne. Sharaɗin da malamai suka gindaya, wato aminci ga rai da dukiya, yau babu shi a hanyar. Tun watan Afrilu na 2023 Sudan ke cikin yaƙi, kuma Jinena da Fashir, inda kakanninmu suka sha ruwa suka huta, su ne garuruwan da muke jin sunansu a labaran kisa da yunwa. 'Yan uwanmu Hausawan jihar Shuɗin Nilu ma sun ga tashin hankali a 2022, aka rasa rayuka masu yawa a rikicin ƙasa da sarauta. Ga iyakoki, ga biza, ga dokar Saudiyya mai tsanani a kan wanda ya shiga aikin Hajji ba izini. Wanda bai da iko, Allah bai ɗora masa ba.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne halin da ya kai su. Na farko, sun san inda za su. Matashin da ya sayar da gonar gado ya bi dillali ta Agadas zuwa Libiya, bai san wanda zai karɓe shi ba, bai san aikin da zai yi ba, ba irin tafiyarsu yake yi ba, ko da wahalar ta yi kama. Na biyu, ba su fita hannu rabbana ba, kowa da sana'arsa, kuma ba su raina kowace sana'a ba. Na uku, sun iya jira. Mutumin da zai tsaya damina guda a ƙasar wasu ya yi noma don ya sami guzurin wata uku na gaba, ya san cewa babban buri gutsure gutsure ake cin sa. Mu kuwa yau, yaro zai shiga koyon ɗinki ko walda, wata shida bai cika ba ya ce ya gaji. Na huɗu, sun riƙe juna. Ba don zango da mutanen zango ba, da ƙafa kaɗai ba ta kai kowa Sawakin ba.

Kuma irin wannan zuciya ba ta ƙare a Afirka ta Yamma ba. A 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadu Safayu Barry, ya so karatu a jami'ar Azhar ta Masar, ba shi da kuɗin jirgi. Ya hau keke, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, ya yi kusan kilomita 4,000, an tsare shi a hanya ba sau ɗaya ba, har ya isa Chadi. A can labarinsa ya bazu, masu alheri suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, jami'ar ta karɓe shi ta ba shi tallafin karatu. Duniya ta san shi saboda wani ɗan jarida ya tsaya ya saurare shi.

Wannan ne ya kawo ni kan roƙon da nake da shi. Mun san Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da aka kama bawa, ya bi Bature Barth har Tambutu, ya ƙetare Sahara ya isa Landan a 1855, ya dawo ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, saboda wani ya zaunar da shi ya rubuta abin da ya faɗa da Hausa. Mun san Baba ta Karo, da aurenta da ƙawayenta da abin da ta gani na zuwan Turawa, saboda wata mata mai suna Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubutawa. Alhazan ƙafa dubbai ne, amma nawa ne muka san sunayensu? Yawancin waɗanda suka taka da kansu sun riga mu gidan gaskiya. Sauran waɗanda aka goya a hanyar, da waɗanda aka haifa a Abeshe ko Madani ta ƙasar Sudan aka dawo da su suna yara, da waɗanda suka bi manyan motoci a shekarun 1950, su ne ke tsakaninmu, kuma tsufa ya cim musu. Akwai kuma 'ya'yan da suka ji labarin daga bakin iyayensu suka riƙe.

Saboda haka, ɗan'uwa mai saurare a Darki, a Wudil, a Garko, a Gaya, a Takai, wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Je ka gaida tsohon nan ko tsohuwar nan, ka durƙusa ka ce, Baba, ko Iya, a ba ni labarin tafiyar Makka. Ka tambayi shekarar da aka tashi, ko sarkin da ke kan gado a lokacin. Ka tambayi sunan madugu, da garuruwan da aka yi damina, da sana'ar da aka ci da ita, da waɗanda aka binne a hanya, da dangin da aka baro a Sudan ko Makka. In akwai tsohon fasfo ko wasiƙar ajami a ƙasan adaka, a ɗauki hotonsu, a adana su inda gara ba za ta kai ba. Malaman makarantun sakandare, ku ba ɗalibai wannan a matsayin aikin hutu. Ga jami'a a Wudil, ga Jami'ar Bayero, ga Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga Gidan Arewa a Kaduna, duk wurare ne da za su iya tattara irin waɗannan muryoyi su ajiye wa na baya. Mu ma ma'aikatan rediyo nauyin yana kanmu, mu fita da na'ura mu shiga ƙauyuka, mu ba tsofaffin nan fili su yi magana da bakinsu. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, amma ba ya jiran baɗi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, Ya karɓi niyyarsu. Allah Ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya. Wanda bai taɓa zuwa ba, Allah Ya kira shi ta hanyar halal cikin sauƙi.